Ku daina zagin modela, ku duba inda kuka soka waya

1/ Duk wanda ya sake ce min "sautin modela na roba ne, ba ya kama ƙafar amf na gaske", to ya fara nuna min inda ya soka wayarsa. Na gaji da wannan magana wallahi. Mutum ya haɗa kaya a baibai, jita ta yi ta kuka kamar ƙudan zuma a gwangwani, sai ya ɗora wa na'ura laifi. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/ Ga waɗanda ba 'yan harkar ba: modela 'yar na'ura ce da ke kwaikwayon amfilifaya, da akwatin sifika, da makirfo, da fedal-fedal, duk a ciki ɗaya. Kuma ba jiya ta faɗo ba. Line 6 ta fitar da POD, wannan ja mai siffar wake, tun 1998. Axe-Fx ya zo a 2006, Kemper a 2011, Helix a 2015. Abu ya haura shekara 25 ana gyara shi, wasu har yau suna maganarsa kamar rediyon yara.

3/ Mafi yawan masu zagin nan a wajenmu ba su taɓa kunna amf mai kwalba ba. A YouTube suka ji wani Ba'amurke mai ɗaki cike da kaya ya faɗa, suka haddace.

4/ To bari mu yi maganar amf mai kwalban. Fender Twin Reverb ya kai kusan kilo 29. Ɗora shi a adaidaita ka kai shi wajen biki mu gani. Kwalaben cikinsa zafi suke yi, suna tsufa, suna mutuwa, kuma sai an yi odar su daga waje da dala. Ga wutarmu mai hawa da sauka, ga jen mai tari, ga ƙurar hunturu. HX Stomp bai kai kilo ɗaya ba. Zoom G1 Four da batir huɗu yake aiki, ko an ɗauke wuta bai san an yi ba.

5/ Metallica, waɗanda suke da kuɗin sayen kowane amf a duniya, sun yi shekaru suna hawa dandamali da Axe-Fx. Kai da ka aro jitar ma, kai ne kunnenka ya fi ƙarfin dijital? Haba malam.

6/ Yanzu ga inda ake kashe sautin. Na farko, kuma shi ya fi yawa: sifika biyu a jere. A cikin firiset ɗinka akwai bulok na akwatin sifika a kunne, sai ka ɗauki waya daga modela ka soka a gaban amf ɗin jita na gaske, wanda shi ma yana da nasa sifikan da nasa firi'amf. Ka tace sauti sau biyu ke nan. Dole ya fito a toshe, kamar mai magana da bargo a baki.

7/ In da amf ɗin jita za ka yi aiki, duba bayansa. In akwai ramin da aka rubuta Return, nan za ka soka, ka tsallake firi'amf ɗinsa, sannan ka kashe bulok ɗin sifika na cikin modela. In babu wannan ramin, kashe amf da sifikan modela duka, ka yi amfani da ita a matsayin fedal kawai.

8/ Akasin haka ya fi muni. Ka tura sauti kai tsaye zuwa miksa, kuma ka kashe bulok ɗin sifika don wai kana son sauti "tsantsa". Nan ne ƙudan zuman ke fitowa. Sifikan jita kurma ne da gangan: da an wuce wajen 5kHz sai ya fara zubar da sauti. Wannan kurmancin shi ke rufa wa distoshan asiri. Sifikun taro kuwa suna da tuwita, komai suka samu sai sun faɗa, har tsatsar da ba a so a ji.

9/ Wato dokar ba ta da wuya. Sifikan jita ɗaya tak ake so a hanyar sauti, ko na katako ko na cikin kwamfuta. Biyu ɓarna, babu ko ɗaya ɓarna.

10/ Akwai inda masu suka suke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. In ka tsaya gaban amf na gaske, iska tana dukan ƙafar wandonka, ɗakin yana amsawa. Modela ba wannan take ba ka ba. Abin da take ba ka shi ne sautin amf bayan an kafa masa makirfo, irin SM57, dab da bakin sifika. To amma wanne jama'a suke ji a wajen taro? Wanne kake ji a faifai? Na makirfon. Daɗin wando kai kaɗai ke jin sa, su kuwa waɗanda suka biya kuɗi ba a wandonka suke ba.

11/ Sai masu cewa "tana da jinkiri, ina jin tazara tsakanin yatsana da sauti". Jinkirin modela mai kyau bai wuce 'yan milisakan ƙalilan ba. Sauti a iska yana cin kusan santimita 34 a milisakan ɗaya. Ka matsa mita uku daga amf ɗinka na gaske, ka riga ka sayi jinkirin kusan milisakan tara, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba.

12/ Na biyu: jerin bulok. Sauti yana bin su ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwa a kwata, abin da na gaba ya zubo shi na baya zai sha. Wa-wa da kwamfuresa da obadaraib a gaba, sai amf, sai sifika, sai dile, sai ribab a ƙarshe. In ka sa ribab kafin distoshan, distoshan zai murƙushe har jelar amsa-kuwwar, komai ya zama kunu. Akwai masu yin haka da gangan, salon su ne, sun san me suke nema. Kai hannunka ne ya goce a allo ba ka lura ba.

13/ Na uku: gen. Don Allah samari ku rage gen. Ana ƙure shi ne don yana ɓoye yatsan da bai zauna daidai ba, amma yana kashe bugun farko na tsirkiya, ya jawo huci, ya sa kowane kod ya yi kama da ɗan'uwansa. Rage shi har ka fara jin kunyar kanka, sannan ka ƙara kaɗan. Can wajen ne sautin yake.

14/ Na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni haushi, don yana jawo faɗa da mai miksa bayan ba shi da laifi. Ka zauna da dare da hedfon, a hankali don kar a tashi mutanen gida, ka gina firiset. Kunnen ɗan Adam ba ya jin bes da tirebul sosai in sauti yana ƙasa. Fletcher da Munson sun auna wannan tun 1933. Sai ka ƙara bes, ka ƙara tirebul, ka kwashe mid, ya yi maka daɗi.

15/ Ran taro aka ɗaga murya, bes ɗinka ya hau kan mai jitar bes da gangar ƙafa, tirebul ya shiga rigima da faranti, tsakiyar da jita ke zaune kuwa ka riga ka kwashe ta. Ba a jin ka. Ka ce a ƙara, a ƙara, har makirfon mawaƙi ya fara kuwwa. Sannan ka fito kana cewa oga mai miksa ba ya son ka.

16/ Maganinsa: gina firiset da ƙarfin da za ka yi wasa da shi, a kan irin sifikan da za a ji ka. A bulok ɗin sifika yanke ƙasa daga wajen 80 zuwa 100Hz, tunda tsirkiya mafi kauri a jita 82Hz take, abin da ke ƙasa da haka gurnani ne kawai. Yanke sama wajen 6 zuwa 8kHz. Ka bar mid ya sha iska.

17/ Ƙananan abubuwa biyu. In kana jin "huuum" ba ya tsayawa, sau da yawa wutar 50Hz ce ta sami hanya biyu ta ƙasa tsakanin modela da miksa. Yi amfani da XLR, danna maɓallin ɗage ƙasa in akwai, ko ka nemi akwatin DI. Kuma kar ka yanke ƙafar ƙasa ta fulogi, wannan wasa da rai ne. Na biyu, gwada firiset ɗinka a mono. Yawancin wuraren taronmu waya ɗaya za a ba ka, kuma wasu korus da dile na sitiriyo in aka haɗe su sai su cinye juna.

18/ Yanzu masu sayen firiset da dala. Wanda ya gina shi da tasa jitar ya gina, da nasa fikof, da nasa hannun, a nasa ɗakin. Jita mai hambaka ta fi mai singil-koyil tura sauti, don haka amf ɗaya zai amsa musu daban. Ka biya kuɗin data, ka biya kuɗin firiset, ka samu takalmin wani. Minti talatin da kunnenka ya fi shi.

19/ Kuma wa muke kwaikwayo ma? Ku dubi Agadas. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da otocun a muryar kamar waƙoƙin fina-finanmu, kuma ta memori da Bluetooth ya yaɗu daga waya zuwa waya. Yau shi da Bombino suna zaga Turai da Amurka, Turawa na tambayar yadda ake samun wannan sauti.

20/ Sautin nan a filin biki ya girma, a kan ƙasa, da jen, da amf ɗin da aka samu. Ba wanda ya jira kwalba daga Landan. Shi ya sa abin ke ba ni dariya in na ga yaro a Zinder ko Jos ko Kaduna yana raina kayan hannunsa don wani a Nashbil ya ce ba na gaske ba ne.

21/ Roland JC-120, wanda ya fito a 1975, babu kwalba ko ɗaya a cikinsa, transista ne zalla, kuma ana girmama shi a duk duniya saboda tsabtar sautinsa. Kusan kowace babbar modela tana da kwafinsa a ciki. Ɗora shi, sa fikof na singil-koyil, gen kaɗan, ribab kaɗan, ka bar yatsu su yi sauri. Ka fi kusa da Agadas da wannan fiye da firiset goma na metal.

22/ Abin da ya fi wannan ma: Kemper da Quad Cortex suna iya ɗaukar hoton sautin kowane amf, kuma akwai Neural Amp Modeler, manhaja kyauta ce, tana yin haka a kwamfuta. Duniya ta cika da kwafin Marshall da Fender dubu-dubu. Tsohon amf ɗin bikin unguwarku, mai sifikan da ya sha ƙura har ya samu muryarsa ta kansa, wa ya hana ku ɗaukar nasa kafin ya mutu?

23/ Mai cewa na roba ne, turo min hoton allon firiset ɗinka da hoton bayan na'urar inda wayoyi suka shiga. Hotuna biyu kawai. In ba sifika biyu a jere ko gen a ƙure na gani ba, data ɗinka na wannan satin a wuyana.