Motar a-kori-kura: haya ko saye? A fara duba wanda ke riƙe da madannin kashe injin

Duk mai yawo a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon Amurkawa suna jan wani ɗan gida mai taya a bayan ƙatuwar Ford F-150, su tafi daji su kwana biyu su dawo. A can tsohuwar muhawara ce tsakanin masu wannan sha'awa: gara mutum ya karɓi motar haya ta shekara uku ya mayar, ko ya saya ta zama tasa? A Sabon Tasha, Narayi ko Kakuri babu mai jan ɗakin kwana zuwa shaƙatawa, amma tambayar ta iso. Abin da ake ɗauka a nan shi ne janareta, tankin ruwa, rumfunan biki da kujeru, lasifikokin DJ da faifan sola. Matashin da sana'arsa ta fara kankama, ba a daɗewa zai gaji da biyan kuɗin ɗauko kaya, ya fara leƙa farashin a-kori-kura a Jiji da Facebook.

Amsar a taƙaice ita ce: motar da za ta riƙa jan kaya, ko dai ta zama ta mutum, ko kuma ya ɗauke ta ta wuni ɗaya ya sallami mai ita. Doguwar hayar da ke tsakanin biyun, wadda ake biya shekara da shekaru sannan a mayar da makulli, ita ce mafi rashin dacewa da wannan aiki.

Dalilin farko yana jikin motar. Kamfanin da ya ba da haya yana lissafi ne da darajar da motar za ta rage a ranar da za a dawo masa da ita. Shi ya sa a Amurka ake ƙayyade tafiya, galibi mil 10,000 zuwa 12,000 a shekara, kuma duk mil ɗin da ya ɗaru sai an biya. Jan kaya kuwa cin mota yake yi: kuloci, birki, sifirin, shokazoba da giya duk suna shan wuya, musamman giyar atomatik wadda zafi ke saurin kashewa. Wanda ya bi hanyar Kachia da lodi, ya wuce matatar mai ya nufi Kujama da Kasuwan Magani da damina, ya san abin da ake nufi. Mai haya zai biya gyaran nan daga aljihunsa, a ƙarshe kuma a caje shi kuɗin lalacewa, alhali ko taya ɗaya ba tasa ba ce.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi shafar masu karanta wannan shafi, domin sun riga sun san shi a aljihunsu. Wanda ya taɓa karɓar waya biya-a-hankali ta M-KOPA ko EasyBuy ya san cewa da zarar ranar biya ta wuce, wayar kan kulle kanta. Wannan dabarar ce ta koma kan motoci. Da dama daga cikin masu ba da mota, babur ko Keke Napep bashi a yau suna saka na'urar bin diddigi, wadda makanikai ke kira tiraka. Ƙaramin akwati ne mai layin waya a ciki, yana aika inda motar take zuwa manhajar mai ita. Da yawansu an haɗa su da wayar famfon mai, saƙo ɗaya ya isa a yanke wa injin mai daga nesa. Ana kuma iya zana wa motar iyaka a taswira, da ta tsallake wayar mai ita ta yi ƙara.

Ba a ce na'urar mugun abu ba ce. Ita ta sa masu kuɗi suka fara yarda su ba wanda ba shi da fili ko gida mota, kamar yadda kamfanin Moove da aka kafa a Legas a 2020 ya riƙa ba direbobin Uber motoci suna biya daga abin da suka samu. Kuma a garin da satar mota ba baƙon abu ba ne, ko mai motar kansa ya kamata ya saka. Matsalar ita ce a wayar wa manhajar take. Motar haya da ta mutu a gaban Barnawa Complex ɓacin rai ne kawai. A-kori-kura da aka kashe da lodin kayan mutane a bayan Gonin Gora da magariba wani abu ne daban. Sannan saƙon kunnawa yana buƙatar sabis kamar yadda na kashewa yake buƙata, kuma mutanen Kaduna ba su manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar har kusan wata biyu.

Sai dai akwai abin da ake yawan cakuɗawa. Haya zalla daban, saye a hankali daban, ko da yake duka biyun kuɗi ake bayarwa duk mako ko duk wata. A na biyun, wanda aka fi sani da haya-facas, biyan ƙarshe yana mayar da motar ta mutum, kuma doka ta ɗan tsaya masa. Dokar haya-facas ta 1965 ta ce idan an biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, mai ita ba zai ƙwace ta ba sai ta hanyar kotu, ko da yake an ba shi damar ɗauke ta ya ajiye kafin a yanke hukunci idan biya uku ko fiye sun taru. A ɗauki misali kawai: motar naira miliyan 12 da aka ce a riƙa biyan 120,000 duk mako har shekara uku. Mako 156 ke nan, jimilla miliyan 18 da dubu 720. Kashi uku cikin biyar yana cika ne a mako na 94. Kafin nan mutum yana tafiya ne a kan siraɗi. An rubuta dokar tun ba a san tiraka ba, kuma wanda zai iya kashe mota daga ɗakinsa ba lallai ya ga buƙatar zuwa kotu ba. Shi ya sa dole batun ya shiga takardar yarjejeniya: bayan kwana nawa ake kashewa, ana faɗakarwa tukuna, kuma ranar biyan ƙarshe a miƙa kalmar sirrin manhajar tare da takardun mota.

Miliyan 18 a kan motar miliyan 12 yana da ɗaci, amma a nan lissafin Najeriya ya sha bamban da na Amurka. A can sabuwar mota faɗuwa take yi tun daga ranar farko. A nan, bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, farashin motoci ya bi ta. Wanda ya kulle farashi a naira kafin lokacin ya wayi gari da kadarar da ta fi abin da ake bin sa. Mai haya zalla kuwa ƙari aka yi masa. Don haka abin dubawa shi ne ko farashin a kulle yake. Bashin banki mai ruwa yana iya motsawa, kuma Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024. Tsarin murabaha da bankuna irin Jaiz ke yi, inda banki ke sayen motar ya sayar da riba sananniya, ya fi sauƙin lissafi a nan, ga Musulmi da Kirista baki ɗaya.

Duk da haka, ba kowa ne ya kamata ya mallaki a-kori-kura ba. Biyan mako ba ya sanin damina ko azumi. Masu jigilar da suka dogara da citta daga Kachia da Kafanchan sun ga haka a 2023, shekarar da cuta ta cinye gonaki, lodi ya ɓace. DJ ko mai haɗa sola da ke buƙatar mota sau huɗu ko biyar a wata, ya rubuta a wayarsa abin da yake kashewa na wata uku, ya kwatanta da biyan mako haɗe da mai, inshora da gyara. Yawanci zai tarar kiran direba a tasha ya fi masa arha nesa ba kusa ba.

Wanda kuma aikinsa na kullum ne, ba sai ya fara da sabuwar Hilux ko Landtrek ɗin da kamfanin Dangote Peugeot ke haɗawa a hanyar Abuja ba. A Kakuri aka fara haɗa Peugeot a 1975, aka ci gaba da fitar da 504 har 2006, kuma har yau tsofaffin a-kori-kuran nan suna ɗaukar bulo da katako a unguwannin kudancin kogi, domin kowane makanike ya san cikinsu. Idan motar ta zamani ce ta hannu, ƙaramar na'urar OBD2 mai Bluetooth da manhajar Torque za su nuna kurakuran da injin ya ajiye kafin a biya ko sisi. Sannan a sa mai gyaran waya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, domin ana sayar da motoci da tsohuwar tiraka a jiki, layinta kuma yana hannun wani.