Dandalin Kwamfuta: Wa Ke Goge Mana Lambar DNS?



A hutun da ya wuce mun je taya wani abokinmu aiki a shagonsa na kwamfuta a Gaya. Ɗalibai har daga Ajingi sun cika benci suna jiran a fitar musu da sakamakon NECO. Akwai data, akwai sabis, amma babu shafin da ya buɗe.

Matsalar daga DNS take. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan kuka rubuta sunan shafi, sai ta tambayi uwar garken DNS lambarsa, kamar yadda kuke lalubo lambar Baba a waya ta hanyar sunansa. Uwar garken da muke tambaya ce ta yi gum.

Kwamfutar Ubuntu ke kanta, don haka muka buɗe fayil ɗin resolv.conf muka rubuta 8.8.8.8, lambar Google da ke aiki tun 2009. Nan take komai ya buɗe, har muka fara jin kanmu injiniyoyi. Can aka ɗauke wuta, aka tada janareto, kwamfuta ta sake tashi. Lambarmu ko sama ko ƙasa!

Ba aljani ba ne. Akwai tsarin da ake kira DHCP, wanda ta hanyarsa rauta ke raba wa kowace na'ura adireshi, ta haɗa mata da lambar DNS. Aro ne na ɗan lokaci, kuma duk sanda aka sabunta shi ko aka sake kunna kwamfuta, sai a rubuta fayil ɗin sabo, abin da ka sa da hannu ya tafi. A samansa ma an yi gargaɗin kada a taɓa shi. Mu ne ba mu karanta ba.

Gyaran bai ci minti biyu ba. A saitin sadarwa, ƙarƙashin IPv4, muka kashe maɓallin Automatic na DNS kaɗai, muka bar na adireshi a kunne, sannan muka rubuta 8.8.8.8 da 1.1.1.1 ta Cloudflare. Da mun saka su cikin rautar ma ya fi, don duk na'urorin shagon su samu.

Masu Android 9 zuwa sama, ku nemi Private DNS ku rubuta dns.google. Amma kwamfutar makaranta, a tambayi malami tukuna, domin wata an saita ta ne da gangan don ta toshe shafukan banza.