Hunturu a Damargu: da tsohuwar zuma ake maganin kaushi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu da ke tasowa daga Sahara tana bi ta Tanut da Belbeji kafin ta isa Zinder. Leɓɓa su tsage, diddige ya yi faso, gashi ya yi gautsi ya riƙa karyewa a bakin mataji. Kowace shekara kuma, wannan ne lokacin da masu sayar da mayukan shafawa suke cin kasuwa.

Damargu ƙasar kiwo ce, man shanu kuma ba baƙo ba ne a nan. Matan Fulani da na Buzaye sun daɗe suna shafa shi a kai kafin kitso. Man kaɗanya kuwa daga kudu yake zuwa, daga yankin Gaya da Najeriya da Benin, domin itacen ba ya jure ƙarancin ruwan saman wannan yanki. Aikinsu iri ɗaya ne: ba sa ƙara wa fata ruwa, suna dai tare wanda ke cikinta kada iska ta kwashe. Shi ya sa ake shafa su da an fito daga wanka, jiki da sauran danshi. Gashi mai murɗiya ya fi bukatarsu, saboda maiƙon fatar kai ba ya iya gangarawa har ƙarshen silin.

Amma matasa da yawa a birni suna ganin wannan ƙauyanci ne. Sun fi son kwalba mai sheƙi, ko wadda ɗan'uwa ɗan ci-rani ya turo daga Aljeriya ko Libiya, ko da ba wanda ya iya karanta abin da aka rubuta a jikinta. A nan haɗarin yake. Wasu mayukan da ake tallatawa da sunan gyaran fata na bilicin ne, ɗauke da haidrokinon ko zaiba, masu cutar da fata, zaiba kuma har ƙoda take taɓawa. Kodebuwa ta haramta irinsu tun 2015. A 2022 kuma wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka ya gano alaƙa tsakanin yawan amfani da mayukan miƙar da gashi da sankarar mahaifa.

Masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar. Man shanu yana ƙarni idan ya kwana biyu, ana sayar da shi a buɗe cikin ƙura, kuma mai fuskar maiƙo yana iya samun ƙuraje idan ya lafta. Sai dai waɗannan matsaloli ne na sarrafawa: a narkar, a tace, a sa ƙamshi, a zuba a mazubi mai murfi da kwanan wata.

Maƙwabta sun riga sun farga. A watan Agustan 2025 Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Ya kamata hukumomin Tanut da Belbeji su tallafa wa ƙungiyoyin mata da kayan tacewa da mazubai. Ɗan ci-rani kuma, maimakon turo kwalbar da bai san cikinta ba, gara ya turo wa ƙanwarsa jarin da za ta fara haɗa nata.