Gyaran Aikin Duba Makarantu A Jihar Kaduna: A Fara Jin Ta Bakin Masu 'Ya'ya

A duk lokacin da aka tayar da zancen taɓarɓarewar ilimi a Arewacin ƙasar nan, ɓangarori uku ake fara ɗora wa laifi: malamin da ba ya koyarwa, uban da ba ya kula, da gwamnatin da ba ta sakin kuɗi. Akwai na huɗu da ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali kuwa shi aka ɗora wa nauyin shiga aji ya gane wa idonsa abin da ke gudana, sannan ya fito ya faɗi gaskiya. Wannan shi ne sufeton makaranta, wanda a yau ake kira jami'in tabbatar da inganci. Abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, an sha yi wa wannan aiki garambawul a Jihar Kaduna, amma kullum daga sama gyaran yake saukowa. Lokaci ya yi da za a zauna da iyaye da malamai a tambaye su abin da suke son sufeto ya riƙa dubawa, da kuma wanda ya kamata ya riƙa kai wa rahoto.

Aikin duba makarantu daɗaɗɗe ne a Nijeriya. Tun a 1892 Henry Carr ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin sufeton makarantu a Legas. A Arewa kuwa, zamanin En'e, akwai malamai masu ziyara da ke zagaya makarantun elamantare na lardi, su zauna a aji, su saurari darasi, su gyara wa malami inda ya kuskure. Marigayi Alhaji Shehu Shagari ya yi wannan aiki a Lardin Sakkwato, haka kuma marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe aikin kula da makarantu a Bauchi bayan dawowarsa daga karatu a Landan. Wato dai a wancan zamani, cikin gogaggun malamai ake zaɓen mai duba malamai. Gwamnatin Tarayya ta kafa nata sashen sufetoci a 1973. Shekara uku bayan haka, a 1976, aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, makarantu suka yawaita, aka ɗebi malamai cikin gaggawa, yawan ajujuwa ya fi ƙarfin masu zagayawa. Daga nan aikin ya fara komawa na cike takarda.

Jihar Kaduna ba ta zauna haka nan ba. Tana cikin jihohi shida da suka yi aiki da shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya daga 2008, tare da Kano da Jigawa da Kwara da Legas da Inugu, kuma a ƙarƙashinsa aka yayata sabon salo, inda makaranta za ta fara auna kanta kafin a zo daga waje a auna ta. A 2017 aka kafa Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu ta Jiha, aka ɗora mata duba makarantun gwamnati da masu zaman kansu. Ga kuma jami'an Hukumar SUBEB da na sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 23, ga na Gwamnatin Tarayya. Masu dubawa dai ba su yi kaɗan ba a kan takarda.

To, a wannan shekara ta 2017 ne gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta kuma sanar da cewa 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin 100 da aka gindaya. Aka sallame su, Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa ta shiga yajin aiki a watan Janairun 2018, aka yi ta cece-kuce. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. Ba ina son tayar da tsohuwar muhawarar ko an kyauta ko ba a kyauta ba ne. Tambayata ita ce wadda ba a cika yi ba a lokacin: idan har biyu bisa uku na malaman jiha ba su cancanta ba, ina masu duba su suke tsawon shekarun da suka yi suna shiga aji? Ko dai sun gani sun yi shiru, ko sun rubuta ba a karanta ba, ko kuma abin da suke dubawa ba shi da alaƙa da iya koyarwa. Kowanne daga cikin ukun nan aka ɗauka, jarrabawar da aka ce malamai sun faɗi, tsarin duba makarantu ma ya faɗi tare da su. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yadda ranar zuwan sufeto take. Labari kan iso tun kafin baƙon ya iso. A share harabar makaranta, a cike rajistar da aka yi makonni ba a taɓa ba, a kwana ana rubuta shirin darasi, a zaɓi yara masu baki a jera su a gaba. Sufeto ya zo ya duba littafin sa hannu, da rajista, da kundin darussa, ya leƙa aji na 'yan mintoci, ya sa hannu a littafin baƙi, ya kama hanya. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai, domin mutumin da aka ba makarantu da yawa, ba abin hawa, ba kuɗin mai, dole ya duba abin da ya fi saurin dubuwa. Amma takarda ba ta karatu. Ana iya samun makarantar da littattafanta suka cika fal, yaranta kuwa 'yan aji uku ba sa iya haɗa baƙi da wasali.

Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta ishe mu misali. A nan Samaru take, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da Cibiyar Ilimi da Tsangayar Ilimi waɗanda suka horar da malaman da suka cika Arewa. Amma mutum ya tsallaka titi ya shiga lungunan Samaru da Hayin Dogo, ko ya gangara Bomo da Basawa, ko ya nufi Muciya da Cikaji, zai tarar da makarantu iri uku suna zaune kafaɗa da kafaɗa: na gwamnati masu cunkoso, da na kuɗi masu tsada inda mafi yawanmu ma'aikata muke kai namu 'ya'yan, da kuma ƙananan makarantun kuɗi da aka buɗe a gidajen haya, inda mai ƙaramin ƙarfi ke matse bakin aljihunsa ya kai ɗansa don gudun na gwamnati. Uban da ke sayar da kayan miya a kasuwar Samaru, da me yake zaɓa tsakaninsu? Da kyan yunifom, da fentin bango, da jin yaro ya dawo gida yana rera waƙar Turanci. Ba shi da wata shaida daga hukuma da za ta gaya masa inda ake koyo da inda ake ɓata lokaci. Mai karatu ya tambayi kansa: yaushe rabon da ya ga rahoton sufeto a kan makarantar da ɗansa yake zuwa? Rahoto sama yake tafiya, daga ofis zuwa ofis, mai ɗa kuwa sai sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito sannan ya san halin da ake ciki, lokacin da ihu ya zama bayan hari.

A fagen da na fi sani, wato nazarin harshe, matsalar ta fi fitowa fili. Tun daga 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa a shekarun farko na firamare. A watan Nuwamban 2022, zamanin Minista Malam Adamu Adamu, aka faɗaɗa wannan zuwa shekara shida. A watan Nuwamban 2025 kuma Minista Dokta Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe, bisa hujjar cewa yankunan da suka rungumi harshen uwa ne suka fi faɗuwa a manyan jarrabawa. Sai dai yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ma gama firamare ba a 2025, balle ya zauna jarrabawar gama sakandare. Kuma ga gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, wanda ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Da a ce muna da rahotannin sufetoci da ke bayyana harshen da malami ke amfani da shi a aji da abin da yara ke fahimta, da hujja za a yi wannan muhawara, ba da zato ba.

Abin da ke faruwa a ajujuwanmu sananne ne. Malami ya karanta da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su amsa baki ɗaya. A Sabon Gari, inda zuwan jirgin ƙasa ya tara Yarabawa da Ibo da Nufawa da sauran ƙabilu fiye da shekara ɗari, Hausa ce harshen kasuwa da na filin wasa, ita ce kuma takan haɗa yaran da harsunan gidajensu suka bambanta. Yanzu da manufa ta sauya, me sufeto zai rubuta idan ya tarar da malama tana fayyace wa 'yan aji ɗaya lissafi da Hausa, kuma suna ganewa? Zai rage mata maki ne, ya yaba wa wadda ke zuba Turanci yara na maimaitawa kamar aku? Wannan tambaya ba ta ofis ba ce kaɗai. Iyaye da malamai suna da haƙƙin a ji ta bakinsu a kanta.

Akwai darasi a abin da ya faru a Ingila. Hukumarsu ta duba makarantu, Ofsted, wadda aka kafa a 1992, ta daɗe tana yanke wa makaranta hukunci da kalma guda. A watan Janairun 2023 wata shugabar makarantar firamare a garin Reading, Ruth Perry, ta kashe kanta bayan an sauko da makarantarta daga matsayi mafi girma zuwa mafi ƙasƙanci, kuma binciken hukuma ya tabbatar da cewa ziyarar sufetocin na cikin abin da ya jawo haka. Sai hukumar ta buɗe ƙofar sauraron jama'a a 2024, aka soke hukuncin kalma guda a watan Satumba na shekarar, aka kuma shafe makonni 12 a farkon 2025 ana karɓar ra'ayoyi kan sabon tsari, wanda ya fara aiki a watan Nuwamba. Ƙungiyoyin malamai ba su gamsu da sakamakon ba, kuma ba cewa nake a kwafo tsarinsu ba, domin su tsananin dubawa ne ya dame su, mu kuwa rashin tasirinta. Abin ɗauka shi ne, hukuma ta yarda cewa ita ma abar dubawa ce, ta tambayi jama'a, ta wallafa abin da suka ce.

Don haka nake kira ga gwamnatin Sanata Uba Sani da Majalisar Dokokin Jiha da su shirya zaman jin ra'ayin jama'a kan aikin duba makarantu. Kada a taƙaita shi ga ɗakin taro na otal a Kaduna, inda za a gayyaci masana a yi Turanci a watse. A yi shi mazaɓa-mazaɓa, a harabar makarantu, da harshen da mutane ke ji, a kuma ware wa mata lokacinsu, domin su ne suka fi sanin abin da yaro ke dawowa da shi gida. Kwamitocin gudanar da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai suna nan, masu unguwanni da limamai da fastoci suna nan, gidajen rediyo suna nan. A ba malamai da su kansu sufetocin damar yin magana ba tare da fargabar rasa aiki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan an buɗe wannan zama, ga abin da ni zan gabatar. Da farko, kada sufeto ya bar makarantar firamare sai ya zaɓi yara goma da kansa daga rajista, ya ba kowanne ɗan gajeren rubutu ya karanta na minti ɗaya, da Hausa da kuma Turanci, ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Wannan ba ya buƙatar kwamfuta ko kwangila. Rubutun Hausa na boko kusan yadda ake furtawa ake rubuta shi, saboda haka yaron da ya shekara biyu a makaranta bai iya karanta shi ba, ba a koya masa ba ne. Na biyu, a taƙaita kowane rahoto a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a liƙa a ƙofar makaranta, a karanta wa iyaye a taronsu. Na uku, rahoton ya bayyana abin da ke wuyan malami da abin da ke wuyan gwamnati, domin zalunci ne a hukunta malamin da aka tara wa yara fiye da ƙima a aji mai yoyo, a kyale wanda ya hana kuɗin gyara. Na huɗu, a ɗauke wa makaranta ɗawainiyar sufeto ɗungurungum, domin wanda ya ci abincinka ya karɓi kuɗin motarka ba zai iya faɗa maka gaskiya ba. Na biyar, a haɗa da lafiyar gini. Rushewar wata makaranta a Jos a watan Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, ta isa gargaɗi.

Na san za a ce talaka bai san ilimi ba balle ya ba da shawara a kansa, kuma wallafa rahoto zai kunyata makarantu. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya gane cewa ɗanta ya shekara huɗu yana zuwa makaranta bai iya karanta mata saƙon waya ba. Batun kunya kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu da muke koyarwa a manyan makarantu muna karɓar ɗalibai masu takardun shaida cikakku waɗanda rubuta sakin layi ɗaya ke yi musu wuya, kuma a aji biyu na firamare aka fara yin sakacin.

Nauyi na musamman yana kanmu, mu 'yan boko mazauna Samaru da kewaye. Mun tsame namu 'ya'yan mun kai su inda muke ganin ya fi, muka bar makarantar unguwa ga wanda ba shi da murya. Mu ne muka san hanyar majalisa, mu ne muka iya rubuta takardar koke, mu ne za a saurara idan muka nemi a nuna mana rahoton makarantar da ke bayan gidanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon saurare, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.