A Riƙa Gwada Shafukan Gwamnati Na Intanet Saboda Makafi Da Sauran Naƙasassu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in faɗi albarkacin bakina a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni dai manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa tireda a bakin kasuwar garinmu, karatuna na boko bai wuce aji shida na firamare ba. Saboda haka in wani ya ji ina maganar intanet, kada ya ce na shiga sharo ba shanu, domin abin a gidanmu ya faru.

Ina da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya wanda ƙyanda ta tafi da idanunsa yana ɗan shekara bakwai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ce ɗansa ba zai riƙe ƙoƙon bara ba, ya kai shi makarantar makafi. A can ya koyi rubutun da ake karantawa da yatsa, ya yi ta tafiya har ya sami takardar malanta. Yau in ka ba shi waya sai ka riƙe baki. Akwai wata dabara a cikin wayar da ake kira TalkBack, duk inda ya ɗora yatsa sai ta karanta masa abin da ke wurin. Da ita yake tura saƙo, da ita yake sauraron labarai, ni da nake da idanu biyu ma shi yake gyara mini tawa in ta rikice.

To bara bayan an gama kaka, sai wata ma'aikata ta gwamnati ta ce za ta ɗauki ma'aikata, amma ba a karɓar takarda hannu da hannu, sai dai kowa ya cike fom a shafinta na intanet. Bayan sallar isha'i ya zo ya same ni a teburina, ya ce, "Yaya, zauna ka ga yadda zan cike da kaina." Wallahi murna ce fal a fuskarsa. Tun daga sanarwar aka fara samun cikas, domin hoton takarda aka ɗauka aka liƙa, ita kuwa wayar ba ta ga rubutu ba, sai ta ce masa "hoto" ta yi shiru. Da ya isa gurabun da ake cikewa, babu wanda aka raɗa wa suna, bai san ina ne na suna ba, ina ne na shekarun haihuwa. Duk abin da ya taɓa sai ta ce "maɓalli", "maɓalli", ba ƙarin bayani. Da ƙyar da lalube ya kai ƙarshe, sai ga wasu haruffa a karkace cikin hoto, wai a kwafa domin a tabbatar mutum ne ba na'ura ba. Haba jama'a, makaho za a ce ya kwafi abin da ke cikin hoto? Na karɓa in taimaka, rubutun ƙanana ne kuma ruwan toka a kan fari, kafin in gama ƙifta ido shafin ya ce lokaci ya ƙare, a koma farko.

Washegari ranar kasuwa ce, na rufe tireda muka hau mota zuwa birni, muka shiga layi a shagon masu cike wa mutane fom. A gaban jama'a ƙanena ya riƙa faɗin lambar katinsa na ɗan ƙasa da lambar sirrinsa da ƙarfi, kowa yana ji. Yaron shagon yana sauri saboda layi, ya rubuta shekarar haihuwa ba daidai ba, mu kuwa ba mu sani ba, tun da mai abin ba shi da halin dubawa. Ranar tantancewa aka ce abin da ke cikin fom bai yi daidai da takardunsa ba, aka sallame shi. Da muka dawo gida cewa ya yi, "Yaya, ba rashin aikin ne ya fi yi mini ciwo ba. Na yi karatu don in daina neman ɗan jagora, yau ga shi an mai da ni." Ban iya ce masa komai ba.

Malam Edita, ba fa alfarma muke roƙo ba, akwai doka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma a cikinta an ambaci intanet a jerin abubuwan da za a sauƙaƙa musu. A watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya saɓa, kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. To ni tambayata ita ce, idan ƙofar neman aikin ta koma intanet, kuma makaho ba ya iya shiga, daga ina za a samo kashi biyar ɗin nan?

Da na zauna da ƙanena da abokansa na ƙungiyar makafi, sai suka fahimtar da ni cewa wannan abu yana da ma'auni, kamar yadda hatsi yake da mudu. Akwai ƙa'idojin da duniya ta yarda da su, ana kiransu WCAG. An fara fitar da su a 1999, aka sabunta a 2008 da 2018 da kuma 2023. Hawa uku gare su, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar ne gwamnatoci suka fi ɗauka. Abubuwan da suka ƙunsa ba su fi ƙarfin kowa ba: kowane hoto mai ɗauke da ma'ana a rubuta masa bayani, kowane gurbi a raɗa masa suna, rubutu ya fito sosai a kan abin da aka ɗora shi, a iya ninka girmansa sau biyu ba tare da shafin ya wargaje ba, bidiyo a sa masa rubutu a ƙasa saboda kurame, mai cikewa a hankali a ba shi damar ƙara lokaci.

Amma doka a takarda daban, aiki da ita daban. Mu 'yan kasuwa mun san haka. Kowa zai rantse maka mudunsa cikakke ne, sai ranar da aka zo aka gwada shi da na hukuma sannan za a gane wanda ya buga gindin nasa ya lotsa. Haka shafin intanet yake, ɗan kwangilar da ya gina zai ce komai daidai, gwaji ne kawai zai raba gardama. Kuma gwajin nan, in ji su, hawa uku ne shi ma. Da farko a sa na'ura ta bi shafin, nan take za ta lissafo hotunan da ba su da bayani da rubutun da ya kode. Sai dai na'ura ba ta kama komai. In an sa hoton buhun taki aka rubuta masa "hoto na ɗaya", ita za ta ce an yi bayani, alhali makaho bai ƙaru da komai ba. Na biyu, mutum ya zauna ya ajiye linzamin kwamfuta gefe, ya bi shafin da maɓallan rubutu kaɗai daga farko har ƙarshe, domin haka makafi da masu shanyewar hannu suke yi. Ya kunna mai karantawa ya rufe ido ya saurara. Na uku, wanda ya fi duka, a kira makaho da kurma da mai raunin gani da dattijo, a ce kowa ya cike fom ɗin da kansa, a zuba ido a ga inda zai maƙale. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma a ce tsada. Akwai mai karanta wa makafi kwamfuta da ake kira NVDA, wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostireliya suka yi shi, kyauta ake saukewa. TalkBack ɗin ma da ita waya take zuwa. Kuma ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Wata cibiya a Amurka mai suna WebAIM tana gwada shafuka miliyan ɗaya duk shekara, a 2024 ta sami kuskure a kusan 96 cikin kowane 100, kuma mafi yawa su ne irin waɗanda suka tare ƙanena: kodadden rubutu, hoto ba bayani, gurbi ba suna. Bambancin shi ne wasu ƙasashen sun sa ido. Amurka tun 1998 ta ɗora wa ma'aikatun tarayya wannan nauyi. Ingila ta yi tata ƙa'idar a 2018, inda kowace ma'aikata sai ta rubuta a shafinta abin da ta gyara da abin da ya rage, kuma akwai ofishin da ke ɗibar shafuka yana gwadawa.

Na san wani zai ce, mu da ba mu da wuta ba mu da sabis, ina ruwanmu da wannan? Gaskiya ne, ni ma sai na hau tudun bayan gari nake samun sabis mai ƙarfi. Amma ai ba mu muka ce a mai da komai intanet ba. Neman aiki, rajistar jarrabawa, fasfo, har tallafin noma, duk can ake tura mu. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata naƙasa. Ni kaina da na haura arba'in sai na nisanta waya da fuskata nake ganin rubutu. Wanda yake da ido yau bai san gobe ba, hawan jini da ciwon suga da yanar ido ba su bar kowa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma mun ga in an so ana iyawa, tun da a zaɓen 2019 hukumar zaɓe ta kawo wa makafi abin da ke taimaka musu dangwala ƙuri'a da kansu, JAMB ma tana shirya musu jarrabawa ta musamman.

Saboda haka ina kira ga hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa da hukumar naƙasassu ta ƙasa da su haɗa kai su riƙa gwada shafukan ma'aikatu, su fara da na ɗaukar aiki da na tallafi, su kuma buga sakamakon a jarida kowa ya gani. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai shafin ya ci gwaji, domin tun ran gini tun ran zane, gyara daga baya ya fi tsada. A ɗauki makafi da kurame masu ilimi aikin gwajin, a biya su haƙƙinsu, ba a kira su taro a ɗauki hoto a sallame su da kuɗin mota ba. Kowane shafi a sa lambar waya da mutum zai ɗauka in an maƙale, a kuma sa Hausa da sauran harsunanmu. Gwamnonin jihohi da 'yan majalisunmu su ma su dubi Allah su duba nasu.

Ku kuma 'yan'uwana manoma da 'yan tireda, in kuna da naƙasasshe a gida kuka ga an tare masa hanya irin wannan, kada ku ce ƙaddara ce ku yi shiru. Makanta ƙaddara ce, amma fom ɗin da aka gina ba suna aikin mutum ne, kuma mutum zai gyara. Ƙanena yana nan yana koyar da yara a gida, ya ce in an sake buɗewa zai sake nema. Fatana a wannan karon in zauna kusa da shi kawai in yi kallo.

Allah ya sa kunnen da aka yi domin shi ya ji, amin.

Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
daga Jihar Kano.