Zaɓen Manhajar Ƙera Wasan Kwamfuta: Batu ne da Ya Shafi Harshe

Arewa maso yammacin Jihar Jigawa na da makarantun fasaha da ba kowane yanki ke da irinsu ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta da aka kafa tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. A Babura kuwa akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a 2021. Duk ɗalibin waɗannan makarantu da ya ƙudurci ƙera wasan kwamfuta da Hausa, tambayar farko da zai fuskanta ita ce wace manhaja zai yi aiki da ita. Ana ɗaukar tambayar a matsayin ta injiniyoyi kawai. A ganina, manazarcin Hausa na da ta cewa a ciki, domin manhajar da aka zaɓa ita za ta yanke hukuncin irin Hausar da za ta fito a wasan.

Wasan da nake magana a kai shi ne wanda ake taƙaita sunansa da RPG, inda ɗan wasa ke shiga rigar jarumin labari, ya zaga garuruwa, ya tattauna da mutane, ya yanke shawarar da za ta sauya ƙarshen labarin. Rabin irin wannan wasa zance ne. Abin da za a gina shi a kai kuwa bai yi mana ƙaranci ba. Tarihin Ɗantunku, wanda ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan hawansa gado a 1819, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar masa da 'yancin ƙasarsa, ya ishi marubuci aiki. Duwatsun Roni da ƙauyukan Gwiwa da hanyoyin fatake da suka ratsa Babura zuwa ƙasar Nijar sun ishi mai zane taswira.

Manhajar da aka fi saurin nuna wa mai koyo ita ce RPG Maker, 'yar ƙasar Japan, wadda samfurinta na MZ ya fito a 2020. Da ita mutum zai iya zana gari, ya zuba mutane, ya sa su magana ba tare da ya rubuta umarnin kwamfuta ko layi ɗaya ba. Ba kuma kayan wasan yara ba ce, domin da ita aka yi To the Moon na 2011 da Omori na 2020, waɗanda suka yi suna a duniya. Sai dai tana zuwa da nata kayan ado: ganuwoyin duwatsu irin na Turai, da barade masu sulken ƙarfe, da fuskoki irin na zanen Japanawa. Wanda ya shigo da niyyar gina soro da zaure da rumbu zai tarar dole ya zana komai daga tushe, ko kuma labarinsa ya sa rigar da ba tasa ba.

Matsalar da ta fi wannan zurfi ta nahawu ce. Saƙonnin da ke fitowa lokacin faɗa an tsara su ne da gurbi guda inda ake cusa sunan mai aikatawa, sauran jimlar kuma ba ta sauyawa. Wannan ya dace da Turanci da Japananci. Hausa kuwa ba ta yarda ba. Dole a ce “Dambo ya kai sara” amma “Hajara ta kai sara”. Haka idan dattijo zai yi wa ɗan wasa magana, sai ya san ko “ka zo” zai ce ko “kin zo”, talaka kuma a gaban hakimi yana da nasa lafazin na girmamawa. Kayan da jarumi ke tsinta ma suna da jinsi: takobi “shi” ne, garkuwa “ita” ce. Ana iya gyara wannan a RPG Maker ta hanyar rubuta ƙari da harshen JavaScript, amma da zarar an kai nan, sauƙin da aka sayi manhajar dominsa ya fara zubewa. Farashinta kuma ya kusa dala 80, kuɗin da ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Unity da Unreal su ne manyan kasuwa. Unreal na buƙatar kwamfuta mai ƙarfin gaske da wutar da ba ta yankewa, abubuwa biyu da ɗalibin Gwiwa ba zai dogara da su ba. Unity ta fi sauƙi, kuma hujjar masu goyon bayanta mai ƙarfi ce: wanda ya ƙware a kanta da harshen C# ya fi saurin samun aikin kamfani. Amma a watan Satumban 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa karɓar kuɗi duk lokacin da aka sauke wasan da ya kai wani mizani na ciniki. Masu ƙera wasanni suka yi ca, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, aka kuma soke tsarin a Satumban 2024. Gaskiya ne cajin ba zai taɓa ƙaramin ɗalibi ba. Darasin dai shi ne mai kaya na iya sauya sharaɗi bayan ka yi shekaru kana gini a filinsa, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka nake ganin Godot ta fi dacewa da mu. Juan Linietsky da Ariel Manzur, 'yan ƙasar Ajantina, su suka fara ta, aka kuma buɗe ta ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ke nufin ba kuɗin saye, ba kason riba. Ba ta da nauyi, tana aiki ba tare da intanet ba, har ma akwai samfurinta da ke tashi a wayar Android. Mafi muhimmanci a wurinmu, samfuri na 4 da ya fito a Maris 2023 ya zo da tsarin rubutu daga dama zuwa hagu, mai iya haɗa haruffan Larabci. Wannan ya buɗe ƙofar ajami. Idan labarin ƙarni na 19 ne, wasiƙar da manzo zai kai fada da ajami ya kamata ta bayyana, kuma ƙungiyar SIL ta riga ta fitar da salon haruffa kyauta mai suna Alkalami, wanda aka tsara bisa rubutun Kano. A Unity da RPG Maker an daɗe ana dogaro da ƙarin manhaja kafin a cim ma haka.

Godot na da nata nauyin. Ba ta zuwa da tsarin faɗa ko jakar kaya ko akwatin zance a shirye, sai an koyi harshenta na GDScript an gina su. Amma wanda ya gina akwatin zancensa da hannunsa zai sa masa “ya” da “ta” tun daga tushe. Kuma wasan Cassette Beasts na 2023 ya nuna ana iya kammala cikakken RPG da ita a kai kasuwa. RPG Maker na iya zama allon koyo na 'yan makonni, don a fahimci yadda taswira da zance ke haɗuwa, amma ba wurin aza harsashin aikin shekaru ba.

Ko da wani ya saɓa mini, ina roƙon ya yi gwaji huɗu kafin ya yanke shawara. Ya rubuta “Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya” ya ga ko ɓ da ɗ da ƙ sun fito, ko kuwa sun koma akwatuna, domin salon haruffa da yawa ba su ɗauke da su. Ya sa jaruma mace ta kai sara ya duba nahawun saƙon. Ya liƙa layi ɗaya na ajami. Sannan ya ɗora sakamakon a ƙaramar waya irin wadda ake saya a kasuwar Kazaure, ya kashe data, ya ga ko zai tashi.

Sassan Hausa na jami'o'inmu ma suna da aiki a nan. Su ya kamata su zauna da ɗaliban kwamfuta a daidaita kalmomin da za su maye gurbin na Turanci a fuskar wasa, a tace zance, a kuma tuntuɓi fada da masana tarihi kafin a sa kakannin mutane a allo. Yaranmu sun riga sun riƙe wayoyi suna wasa da harsunan wasu. Ko za su tarar da Hausa ingantacciya a can, ya danganta da shawarar da ake yankewa a ranar farko ta aiki.