WA KE YANKA WA RIƊINKA FARASHI?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kana Gumel ko Maigatari, ko Gagarawa ko Sule Tankarkar! Kafin ka dangwala wa kowa, ka ara mana hankalinka kaɗan.

Sa'ad da nake riƙe da alli, nakan koya wa yara cewa idan kaya suka yi yawa masu saye suka yi kaɗan, farashi zai faɗi. Su haddace, su ci jarrabawa. Amma uban yaro, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya fi ni sanin wannan karatu, don shi a jikinsa ya ji. Da kaka kowa sai ya kwashi riɗi da gero ya nufi kasuwa lokaci guda, domin mai bashin taki na bakin ƙofa, ga auren 'ya, ga kuɗin makaranta. Mai sito ya saye a wulaƙance, ya sa kwaɗo, ya zauna. Da bazara kai da ka noma ka dawo kana sayen tiya a hannunsa kamar mai roƙo.

In ka yi magana sai a ce ai kasuwa ce ta yi halinta. Masu boko daga cikinsu har su kawo maka sunan Adam Smith, Baturen da ya rubuta littafi kan arzikin ƙasashe a 1776. To, gaskiya ne ya yabi kasuwa. Amma shi ɗin dai ya ja kunne game da 'yan kasuwa masu haɗa baki su cuci jama'a, kuma wannan shafin ba su karanto maka shi. Ciniki tsakanin mai yunwa da wanda ya ƙoshi, ina ciniki a nan?

Wani abin da Smith ya koyar shi ne, sana'a ba ta bunƙasa sai gwargwadon faɗin kasuwarta. Mu nan ba sai an buɗe mana littafi ba. Je ka Maigatari ran Alhamis ka ga shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, ka ga motoci suna lodi zuwa Kudu. Makiyayi ya kawo abin da ƙasarsa ta fi bayarwa, ya koma da hatsi da kayan masarufi, kowa ya ƙaru. A watan Agusta 1 na 2019 ba a faɗa mana komai ba, amma kafin watan ya ƙare an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. A 2023, bayan juyin mulkin Yamai, aka sake garƙamewa har Maris 2024. Wa ya ji jiki? Dillali, ɗan dako, direba, mai tuwo-tuwo, yaron da ke kora dabbobi. Wa ya yi ƙiba? Ɗan fasa-ƙwauri da mai karɓar na goro a bayan daji. Ba a taɓa hana mutanen da ke auren juna cin kasuwar juna ba, sai dai a tsawwala musu.

Ka kuma tuna farkon 2023, da aka sauya takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace. Akuya ba ta rame ba, amma ta faɗi, don babu abin musaya a hannun mai saye.

Mu kuma muna da namu malamin da ya riga Smith da kusan shekara 400. Ibn Khaldun, a Muƙaddima, a 1377, ya bayyana cewa idan hukuma ta yawaita haraji, mutane kan karaya da nema, har abin da take tarawa ya ragu. Dattawanmu sun ga lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, muna cikin Jihar Kano. Yanzu fa? Tambayi direban da ya ɗauko shanu daga kara sau nawa ya miƙa hannu ta taga kafin ya sauke. Kowace naira da ya bayar, daga kuɗin sanka aka zabge ta.

Saboda haka jam'iyyarmu ta tsaya a kan abin da za a iya gani da ido. Manoma su haɗu a ƙungiyar gama-kai mai sito nata, a ba su rance da kaka don kada su sayar cikin matsi. Riɗi da zoɓo a tace su a ɗura a buhu nan Maigatari, inda aka daɗe da keɓe filin sarrafa kayan fitarwa waje, maimakon ladan aikin ya tafi wani gari. Wakilin da za mu tura Abuja kuma ya tashi tsaye a majalisa duk ran da aka ce za a taɓa iyaka ba a shawarci mutanen bakin iyaka ba.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka da atamfa da sabulu, ka yi masa maraba, ka ba shi ruwa. In ya sha, ka tambaye shi nawa aka sayi buhun riɗi da kakar bara, nawa ya koma da bazara.